Maganin da Ke Tafasa a Tafin Hannu

Tabawa ta ratsa tsakiyar kasuwar Tanut ba takalmi a ƙafarta, ludayin da take juya man shanu da shi yana hannunta, ko sharewa ba ta yi ba. Wanda ya gaishe ta bai sami amsa ba, wanda ya tare mata hanya kuwa ya sha gwiwar hannu. Rana ta take tsaka, irin ranar bazarar Damargu da ke sa jaki ya ƙi tashi ko an dake shi, amma ita ba zafin rairayi take ji ba. Abin da ta ji a bakin masu sayar da gishiri ne ke cin ta: wai mijinta Mato ya sha giyar Nasara a hanyar Damagaram, ga shi can ɗaure a ƙofar bariki.

Mato fa. Mutumin da ya shekara ashirin yana kiran salla a masallacin unguwarsu, wanda ko a yunwar Kakalaba, shekara goma sha biyu da suka wuce, lokacin da mutane ke tonon gidan tururuwa don neman hatsi, bai taɓa fashin kiran asuba ba. Ko taba ba ya ci. Kwana goma sha ɗaya ke nan da gardawan bariki, 'yan sandan Nasara, suka zo suka ce kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, na son takarkari da mai shi, a je Damagaram a ɗauko kayan likita. Ba su tambaye shi ko yana so ba, don ba a tambaya. Ya je, ya dawo musu da kayansu, wannan ce godiyar da suka yi masa.

Ta same shi zaune gindin wata aduwa mai ƙarancin inuwa, igiya a ƙugunsa, ɗaya bakin igiyar a hannun Gajere, gardin nan mai jar hula da ba ya rabo da bulala. Mato ya sunkuyar da kai, ƙudaje na bin gemunsa bai kore su ba.

"Ladan, ɗago ka dube ni," in ji ta. "Ka sha?"

"Haba Tabawa. Har ke ma?"

"Ba ni ke tambaya ba, kasuwa ce ke tambaya. Ina son in ji da kunnena abin da zan je in watsa musu a fuska."

Ya yi ajiyar zuciya. "Kwana uku da barin Damagaram, da azahar, na ji wani abu na huci cikin sanduƙin kayan. Na ɗauka maciji ne, na kwance na duba. Kwalba biyu ne cikin ciyawa. Ɗaya bakinta na zufa, toshin na neman tashi, abin da ke ciki na ta ɓulɓulowa. Ke da kanki, gorar fura in ta sha rana ta fara haka, me ake yi mata?"

"A sassauta mata baki ta yi numfashi."

"To abin da na yi ke nan. Na ce kayan mutane ne, kada ta fashe a hannuna. Na sassauta toshin kaɗan, na mai da ita tsaye, na tokare ta da ciyawa don ko ɗigo kada ya zube. Yau da hantsi muka iso aka buɗe. Kwalba na tsaye yadda na bar ta, ciyawa a bushe, amma ciki ba komai."

Gajere ya yi dariya ta hanci. "Inna, ruwa ba shi da ƙafa. Bai zube ba, kwalba ba ta fashe ba, to ina ya shiga in ba cikin wani ba? Ni na buɗe sanduƙin, warin ya kusa kayar da ni, har rigarsa ya kama. Kumandan ya riga ya yanke. Kwana goma sha biyar a kaso, kuma bayan la'asar, kafin kasuwa ta watse, mai shela zai zaga da shi ya faɗi abin da ya yi."

Kason bai dame ta can ba. Rabin mazan garin nan sun kwana a cikinsa, wani don bai sauka daga jaki ba da kumandan ya wuce, wani don akuyarsa ta shiga bariki. Ba abin kunya ba ne, mutum ya fito a yi masa barka. Shelar ce ba ta wankuwa. In aka zaga kasuwar Tanut da Mato, gaban mutanen Falanko da na Ollelewa da Buzayen da suka sauko daga arewa, aka ce ladan ya sha giya, to har jikokinsu da sunan za a kira su. Ta dubi mijinta, tausayi ya kama ta, haushi ma ya kama ta. Wa ya aike shi tausayin kwalbar Nasara? Da ya bar ta ta fashe mana, uwar wa ta haifa?

Da ta waiwaya sai ta ga Liman Umaru raɓe jikin katanga yana jan carbi, yana yi kamar bai gan ta ba.

"Allah gafarta Malam, ashe kana nan."

"Ina nan, Tabawa. Ni fa ban ce ya sha ba. Amma an kira ni na shinshina, kuma abin da na ji ba warin ruwa ba ne. Jama'a sun ce ba su yin salla da kiransa sai magana ta warware. Na ce almajirina Dado ya riƙe kiran tukuna."

"Shekara ashirin yana tashe ka da asuba, Malam. Yau hancinka ya shinshina sau ɗaya, ya rinjayi shekara ashirin?"

Ba ta tsaya jiran amsa ba, ta zagaya bayan bariki inda ɗakin magani yake.

Mai ɗakin Idrisa ne, Badamagare, mutum mai kimanin shekara talatin da biyar. Ya shekara takwas yana aiki ƙarƙashin likitan Nasara a Damagaram, sannan aka turo shi Tanut ya riƙa yi wa mutane lambar agana yana ɗaure gyambo. Kayan da Mato ya ɗauko nasa ne. Kuma tunda tafintan bariki ya kwanta ciwo, shi ne ke juya wa kumandan magana, don ba wani mai jin Faransanci a garin. Ta same shi cikin farar rigarsa yana jera kwalabe.

"Sannu, Inna."

"Riƙe sannunka, ɗan nan. Giya ce a kwalbar nan ko ba giya ba?"

"Inna, maganar tana hannun kumandan."

"Ban tambaye ka hannun wa take ba. Kayanka ne. Giya ce?"

Ya dubi ƙofa, ya dube ta. Ya ga ba mai fita ba ce. Sai ya durƙusa ya ciro ɗaya kwalbar daga cikin wata randa da ya nutsa ta a ruwa, ya ce ta ba shi hannunta. Ta miƙa na hagu. Ya buɗe toshin a hankali, ya ɗiga mata kaɗan a tafi.

Abin fari ne tas kamar ruwan rijiya. Yana taɓa fatarta ya fara tsartsatsi yana 'yan kumfa, wani sanyi ya ratsa ta har gwiwar hannu, warin ya buge ta a hanci. Kafin ta gama cewa a'uzubillahi tafinta ya bushe. Ta juya hannun, ta duba ƙasa ko ya zube. Ƙasar ma a bushe take.

"Sunansa etar," in ji Idrisa, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Shaƙa wa mutum ake yi ya yi barci in za a yanka shi. Tafasa ya yi a hannunki."

"Ba wuta?"

"Ɗumin jikinki ya ishe shi. Likitan da ya koya mini ya ce duk abin da ke kwarara, 'yan ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kuma riƙe suke da juna. Tafasa ba komai ba ce illa zafi ya fi ƙarfin riƙon, su saki juna su tashi sama. Na ruwa ƙanana ne, amma riƙonsu da ƙarfi, sai an hura wuta sosai suke saki. Na mai dogaye ne, sun sarƙe da juna ta ko'ina, shi ya sa…"

"Shi ya sa in na ɗora ɗanyen man Fulani a wuta, ruwan da ke cikinsa ke fara tashi yana ƙara. In ƙarar ta mutu, ruwa ya ƙare, mai ya zauna daram, kuma ya fi tafasasshen ruwa ƙuna nesa ba kusa ba. Ni za ka koya wa wannan? Dubi hannuwana, duk tabonsa ne. Faɗi na wannan."

"Ƙwayoyin wannan, riƙon sakainar kashi suke wa juna. Zafi kaɗan sun watse. Ranar Damargu kuwa ta fi jikin mutum zafi. In aka sassauta toshin a irin ranar nan, kwana biyu ya yi yawa, duk zai fice ta bakin kwalba."

"In mutum ya sha kwalba guda fa?"

"Ba zai iso Tanut da ƙafarsa ba, Inna. Ba zai iso ko'ina ba."

Tabawa ta zura masa ido. Sai yanzu abin ya gama shiga kanta, kuma da ya shiga fushi ya taso mata.

"Ka san duk wannan da hantsi, lokacin da suke ɗaure shi?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka sani, kana tsaye, kai ke juya magana, ka bar su suka ce giya?"

"Inna, ki tsaya ki ji. Likita ya ce mini a naɗe sanduƙin da jiƙaƙƙen buhu, a riƙa jiƙa shi a kowace rijiya, kuma kada a yi tafiyar rana da shi. Ni ya kamata in gaya wa Ladan. An ba ni doki na yi gaba, wallahi na manta. In na faɗa yanzu, rigar nan za a tuɓe mini. Ina da mata da 'ya'ya huɗu a Damagaram."

"Shi kuwa a kan itace ya tsiro, ko? Ba shi da kowa." Ta matsa kusa da shi har ya ja da baya ya bugi randa. "Ka manta, Allah ya sani, kowa na mantuwa. Amma shirun da ka yi da hantsi ba mantuwa ba ce. Ka auna farar rigarka da mutuncin dattijo, ka ga rigar ta fi nauyi. Tir da kai, ɗan nan. Tashi mu je gun kumandan."

"Ba zan iya ba."

"To zauna. Ni kasuwa zan koma. Ba macen da ba ta sayen mai a hannuna, daga nan har Belbeji. Zan gaya musu kumandan da kansa ya ce abin da ke cikin sanduƙin likita giya ce. Giya kake shafa wa 'ya'yan Musulmi a dantse. Gobe ka fito da allurarka ka ga ko akuya za ta tsaya maka, sannan ka gaya wa Nasaranka dalili."

"Ai ba da shi ake lamba ba, Inna."

"Kai ka sani. Ni abin da aka ce a ƙofar bariki zan maimaita, ba ƙari."

Idrisa ya share zufa da hannun riga. Ya daɗe yana duban kwalbar, sannan ya naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma ya ɗauka. Ta sa shi ya haɗo da farantin ƙarfe da moɗar ruwa.

Kumandan na zaune a baranda yana rubutu, ɗan saurayi mai jan wuya, ya cire takalmi ya sa ƙafafu cikin kwanon ruwa. Tabawa ta ce Gajere ya kawo Mato, ta aika wa Liman da ido har ya taso ba don yana so ba. Ta durƙusa ta ce ranka ya daɗe, don dole, sannan ta ajiye farantin a rana bakin matakala. Ta ɗiga ruwa a gefe ɗaya. Ta goge man da ke jikin ludayinta da yatsa ta shafa a ɗaya gefen. Ta dubi Idrisa, ya ɗiga etar a tsakiya.

Ba a ko ƙifta ido sau uku ba tsakiyar farantin ta bushe. Ɗigon ruwa na nan yana ƙanƙancewa a hankali, man kuwa ya narke ya zauna yana sheƙi, ba inda ya je.

"Malam, kawo hannunka," in ji Tabawa.

Liman Umaru ya miƙa. Idrisa ya ɗiga masa. Dattijon ya zabura don sanyi, ya zura wa tafinsa ido abin na tsartsatsi har ya ɓace. Ya kai hannun hanci, ya sauke shi a hankali.

"Warin ke nan," in ji shi. "Shi ne wanda na ji da hantsi."

"Ka sha, Malam?"

"Ban sha ba."

"To ina ya tafi? Gajere ya ce ruwa ba shi da ƙafa."

Gajere ya kau da kai yana gyara hularsa. Kumandan, wanda ya ajiye alƙalami yana kallo, ya tambayi Idrisa wani abu, Idrisa ya ba shi amsa gajeriya ya nuna masa takardar da ke jikin kwalbar. Sai Nasaran ya bushe da dariya har ruwan kwanon ya fantsama. Ya yi magana mai tsawo yana nuna rana, yana nuna farantin.

"Me ya ce?" in ji Tabawa.

"Ya ce ai etar ce, kowane ɗan makaranta a ƙasarsu ya san ba ta jure zafi. Ya ce da safe an ce masa kwalba ta zo wayam, mai takarkari na wari, bai tambayi wace kwalba ba ce. Ya ce kin burge shi."

Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Ashe ba ma wani abu mai wuya ba ne. Tambaya ɗaya ce tsakanin mijinta da tozarci, mutumin nan bai ga ya cancanci ya ɗago kai ya yi ta ba. Yanzu kuma dariya yake, kamar an kawo masa mai wasa da biri. Ta cije leɓe ta haɗiye abin da ya zo mata baki, don igiyar na ƙugun Mato har yanzu.

"Tambaye shi shelar."

Idrisa ya tambaya. Kumandan ya kaɗa hannu, ya ƙara 'yan kalmomi, ya ɗauki alƙalaminsa.

"Ya ce babu shela, bai sha ba. Amma ya buɗe sanduƙin gwamnati ba da izini ba, magani ya salwanta a hannunsa. Kwana goma sha biyar na nan."

Mato ya ce, "Alhamdulillahi," a hankali, kamar wanda aka yi wa kyauta. Tabawa ta miƙe tsaye.

"Ban gama ba. Gaya masa waye aka ce ya naɗe sanduƙin da jiƙaƙƙen buhu. Gaya masa waye ya hau doki ya yi gaba bai faɗa wa kowa komai ba. Gaya masa da bakinka, ɗan nan, ga Liman na ji, ga Gajere na ji."

Idrisa ya juya ga kumandan, ya faɗi kalmomi da ba su fi biyar ba. Nasaran ya ɗago ya yi wa Tabawa murmushi, ya gyaɗa mata kai sau biyu, ya amsa da fara'a, ya koma kan takardarsa.

"Me ya ce?"

Idrisa bai dube ta ba. "Ya ce ba komai, ba sai kin yi godiya ba."

Ta tsaya da ludayi a hannu tana duban Nasaran, tana duban wanda ke tsakaninta da shi. Ta gane ba saƙonta Idrisa ya juya masa ba. Ko ta yi ihu har muryarta ta dushe, ta bakin nan ɗaya maganar za ta bi. Gajere ya ja igiya, Mato ya tashi ya bi shi zuwa kaso, yana waiwayenta yana yi mata alama da hannu ta yi haƙuri. Ba ta da niyyar yi.

Liman Umaru ne ya fara magana bayan sun sauko daga baranda. Har yanzu yana murza tafinsa da babban yatsa.

"Tabawa, da bakina na ce na shinshina, rabin kasuwa sun ji. Da shi zan je yanzu in gaya musu abin da hannuna ya gani, rumfa rumfa, kafin a watse. Dado kuma ya bar kiran. Ni zan riƙe wa Ladan har ya fito." Ya saci kallon Idrisa da ke tafe bayansu rungume da kwalba. "Ɗayar maganar fa, ta buhu? In haɗa da ita?"

Idrisa ya tsaya cak. Tabawa ta san in Liman ya faɗa a kasuwa, kafin sati labarin ya kai Damagaram a bakin fatake, kuma can akwai masu jin Faransanci da yawa. Ta dube shi daga hula har takalmi, ta daɗe.

"Bar ta, Malam. Ka faɗi ta Ladan kawai, ita na zo nema."

Liman ya kama hanyar kasuwa da sauri irin na tsofaffi. Idrisa ya matso, idonsa ya kawo ruwa.

"Inna, Allah ya saka. Ban san abin da zan…"

"Kada ka gode mini, ban yafe ba." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Kwana goma sha biyar zan yi ina kawo masa tuwo, safe da yamma. Hanyar kaso biyu ce, amma ta ƙofar ɗakinka zan riƙa bi. Kuma duk wucewa sai na tsaya na gaishe ka, ka fito ka amsa."